Niyobiyam: Ƙarfen da Jos Ta Fara Ciyar da Duniya, Birazil Ta Ci Ribarsa

A farkon shekarun 1950 kamfanonin haƙar kuza na tsaunukan Jos sun mayar da leburorinsu kan tsibin yashin da suka yi shekara da shekaru suna zubarwa a bayan wuraren wanki. A cikin tsibin akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke bin kuza duk inda ta je. Ruwa ba ya raba su sosai, kuma yana rage wa kuza daraja a wurin masu saye, shi ya sa Turawan ma'adinai suka daɗe suna ɗaukarsa a matsayin datti. Sunansa kolumbait, kuma daga cikinsa ake fitar da ƙarfen da ake kira niyobiyam.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne ya ɗaga darajar wannan yashi. Amurka ta shiga tara ma'adinan da take ganin ba za ta iya yaƙi babu su ba, injinan sababbin jiragenta na yaƙi kuwa suna buƙatar ƙarfen da zai jure zafi. Sai ta sa wa kolumbait farashi mai tsoka. A tsakiyar shekarun 1950 Najeriya tana fitar da kimanin tan 3,000 a shekara, kuma mafi yawan kolumbait ɗin da ake saye da sayarwa a duniya daga Bukuru da Rayfield da kewayensu yake fitowa. Da Amurka ta cika rumbunta ta janye hannu, farashi ya faɗi, aka sallami leburori.

Yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam ɗin duniya daga Birazil yake fitowa, Kanada na biye mata daga nesa. Najeriya, wadda ta riga kowa a kasuwar, ta koma sayar da ɗanyen yashi buhu-buhu, mai haƙar ma bai san adadin ƙarfen da ke cikin buhunsa ba. Dutsen yana nan a ƙasa har gobe. Abin da ƙasar ta rasa tun farko shi ne sanin dutsen, watau iya auna shi da tace shi da sarrafa shi, kuma duk wani shirin farfaɗo da ma'adinai da bai fara daga nan ba zai sake maimaita 1950 ne kawai.

Niyobiyam ƙarfe ne mai launin toka-toka da sheƙi, shi ne na 41 a jadawalin sinadarai. Yana da taushin da za a iya miƙe shi ya zama waya ko a daddale shi ya zama falle. Nauyinsa ya ɗara na baƙin ƙarfe kaɗan, amma wajen jure wuta ba su haɗa hanya ba: baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyos, shi kuwa sai wuta ta kai digiri 2,477. Da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi ta hana shi tsatsa, kuma jikin ɗan Adam ba ya ƙyamarsa, don haka ake sa shi a wasu kayan da likitoci ke dasawa a jiki da kuma 'yan kunne na masu fatar da ba ta jure sauran ƙarafa.

Wani masanin sinadarai na Ingila, Charles Hatchett, shi ya gano shi a 1801 cikin wani dutse da aka kawo daga Amurka aka ajiye a gidan tarihi na Landan. Shekara ɗaya bayan haka Anders Ekeberg na ƙasar Suwidin ya gano tantalam. Ƙarafan biyu a dutse ɗaya ake samunsu, halayensu kuma sun yi kama ƙwarai, har masana suka shafe shekaru sama da 60 suna gardama ko abu ɗaya ne, kafin Marignac na Suwizalan ya raba su a 1866. Wannan wahalar rabawar ita ce har yanzu ke bambanta ƙasar da ke sayar da yashi da ƙasar da ke sayar da ƙarfe.

Mafi yawan niyobiyam, kusan kashi tara cikin goma, masana'antun ƙarfe ne ke shanye shi, kuma aikinsa a can kamar na gishiri ne a miya. Giram 200 zuwa 500 ake zubawa a tan guda na narkakken ƙarfe. Ƙarfe a cikinsa ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, manne da juna, kuma idan ana murza shi da zafi ƙwayoyin sukan girma su rage masa ƙwari. Niyobiyam yakan haɗu da sinadarin gawayin da ke cikin ƙarfen ya zama 'yan ƙananan tsakuwoyi da ke tsaya wa ƙwayoyin a iyaka su hana su girma. Sakamakon shi ne ƙarfe mai ƙwari, wanda ba ya tsagewa a sanyi, kuma yana karɓar walda ba tare da ya yi rauni a mahaɗa ba. Da irinsa injiniya zai gina gada ko dogon bene da ƙarfen da bai kai na da yawa ba, mai ƙera mota zai rage mata nauyi ta rage shan mai, mai shimfiɗa bututun iskar gas kuma zai tura gas da matsi mai ƙarfi cikin bututun da bangonsa bai yi kauri ba. Manyan bututan gas na zamani, irin ajin da ake buƙata a aikin Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da ƙarfen da aka gyara ta wannan hanya ake yinsu.

Sauran kason ya fi ƙanƙanta amma ya fi tsada. Haɗin ƙarfen da ake kira Inconel 718, wanda ake yin sassan injin jirgin sama da shi, yana ɗauke da kimanin kashi 5 cikin 100 na niyobiyam, shi ya sa yake riƙe ƙarfinsa a zafin da ya kai digiri 650. Kumbon Apollo da ya sauke mutum a duniyar wata a 1969, bakin injinsa da wuta ke fita an yi shi ne da wani haɗi mai kashi 89 cikin 100 na niyobiyam, kuma kamfanin SpaceX yana amfani da irin wannan haɗi a rokokinsa na Falcon 9.

A ɗaya ɓangaren ma'aunin zafi kuma, ƙarfen yana da wata baiwa da ta fi ban mamaki. Idan aka sanyaya shi ya kai digiri 264 ƙasa da sifiri, lantarki yakan bi ta cikinsa ba tare da wata turjiya ba ko kaɗan, ba ya zafi, ba ya ɓata wuta. Da wayar da aka haɗa niyobiyam da titaniyam ake naɗa maganaɗisun mafi yawan na'urorin MRI masu ɗaukar hoton cikin jiki. Majinyacin da aka tura babban asibiti a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ko lakarsa da irin wannan na'ura, a tsakiyar naɗin wannan waya yake kwanciya. Irin wayar ce kuma ke cikin manyan maganaɗisu 1,232 na na'urar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN, mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin iyakar Faransa da Suwizalan. Akwai shi a gilashin kyamara da matatun sigina na wayar hannu, yanzu kuma ya fara shiga batir: a 2024 an gwada wata bas mai aiki da lantarki a Birazil wadda batirinta mai niyobiyam ke cika cikin kimanin minti 10.

Yadda Birazil ta kai ga wannan matsayi darasi ne da ya kamata duk mai faɗa a ji kan ma'adinai a Abuja ya karanta. A 1953, daidai lokacin da Jos ke cin kasuwarta, wani masanin duwatsu ɗan ƙasar, Djalma Guimarães, ya gano tarin niyobiyam a Araxá cikin jihar Minas Gerais. An kafa kamfanin CBMM a 1955, iyalan Moreira Salles masu banki suka karɓi ragamarsa a 1965. A lokacin kasuwar ƙarfen ƙarama ce, domin masu narka ƙarfe kaɗan ne suka san amfaninsa. Sai kamfanin ya shiga ƙirƙirar kasuwar da kansa. Ya ɗauki masana, ya ɗauki nauyin bincike a jami'o'i, ya tura injiniyoyinsa masana'antun ƙarfe na Turai da Japan da Tarayyar Sobiyet da Sin suna nuna wa ma'aikata yadda 'yan giram kaɗan ke sauya ƙarfe. Tun 1979 yake ɗaukar nauyin lambar yabo ta shekara-shekara da sunan Hatchett ga binciken da ya fi fice kan niyobiyam. Ba ya fitar da ɗanyen dutse. A Araxá ake haƙa, a nan ake tacewa, a nan ake narkawa, sai kayan da aka gama suke fita.

Ga abin da hakan ya haifar. A 2011 gungun kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu sun sayi kashi 15 cikin 100 na CBMM, a shekarar kuma gungun kamfanonin Sin suka sayi wani kashi 15 a kan dala biliyan 1.95. Jihar Minas Gerais, ta hannun kamfaninta, tana karɓar kashi 25 cikin 100 na ribar aikin bisa yarjejeniyar da aka ƙulla tun 1972. Babu wata jiha a Najeriya da ta taɓa ganin makamancin wannan daga dutsen da ke ƙarƙashin ƙasarta.

Adalci ne a faɗi cewa Allah ya yi wa Araxá baiwar da Jos ba ta da ita. Ƙasar wurin tana ɗauke da kimanin kashi 2.5 cikin 100 na niyobiyam, tana da taushi, a fili ake kwasarta da katafila, kuma ana hasashen za ta kai shekaru 200 ba ta ƙare ba. Kolumbait ɗin Filato a warwatse yake cikin ruɓaɓɓen dutse da yashin rafuka, sai an wanke ƙasa mai yawa kafin a tara kaɗan. Ko da Najeriya ta yi komai daidai, da wuya ta riƙe kambinta bayan 1960. Amma tsakanin rasa kambi da rasa komai akwai tazara mai nisa. Kanada da mahaƙa ɗaya tak, Niobec a lardin Kebek, take riƙe da matsayi na biyu, domin tana narka abin da ta haƙa.

Kuma ba a ce ƙasar nan baƙuwa ce a sana'ar narka ma'adini ba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano a yau, suna narka kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne Turawan Kamfanin Neja suka bi sawunsu har suka kai tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Abin da ya biyo baya an tsara shi ne domin fitar da kaya kawai. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914, an kafa tashar lantarki a Kurra domin injinan haƙa, kuma tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza, da yawansu sanyi da cuta suka kashe su. Masana'antar narka kuza ta Makeri ba ta zo ba sai farkon shekarun 1960, ta kolumbait kuwa ba a taɓa gina ta ba. Da man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a Oktoban 1985, kamfanonin suka watse suka bar ɗaruruwan tafkuna da har yanzu suke cin rayukan yara da dabbobi.

Duwatsun da ke ɗauke da kuza da kolumbait jeri ne guda, daga tsaunukan Afu a Nasarawa, ya ratsa Filato da Bauchi da kudancin Kano, ya haura har Azbin a Jamhuriyar Nijar, inda aka yi haƙar kuza a El Mecki. A Riruwai ma an daɗe da sanin akwai dutse mai irin ma'adinin da Birazil ke haƙa. A mafi yawan wuraren nan yau, masu aikin matasa ne da diga da shebur da igiya, suna sauka ramin loto mai zurfi babu tokari, mata kuma suna wanke yashi a bakin tafki da kwano. Abin da aka tara a kai wa dillali, dillali ya kai wa mai injin maganaɗisu a Jos ko Bukuru ya raba kuza da kolumbait, daga can a ɗura a buhu a nufi tashar jirgin ruwa ta Legas, mafi yawa zuwa Sin.

A wannan sarƙa mai haƙa ne ya fi kowa wahala, shi ne kuma ya fi kowa duhun kai game da hajarsa. Baƙin yashi kala ɗaya ne a ido, amma wani buhun niyobiyam ne ya fi yawa a ciki, wani kuma tantalam, wanda farashinsa ya ninka na niyobiyam sau da dama saboda da shi ake yin 'yan ƙananan ma'ajiyar lantarki na wayoyin hannu da kwamfutoci. Najeriya tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke kan gaba wajen fitar da tantalam, tare da Kwango da Ruwanda da Birazil. Mai saye na ƙarshe yana da na'urar da ke faɗa masa cikin minti guda kashi nawa ne na kowane ƙarfe. Mai haƙa yana da sikeli ne kawai, wani lokaci ma sikelin na dillali ne. Cinikin da ɓangare ɗaya ya san kaya ɗayan bai sani ba, an san wanda zai kwana a ciki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Yashin da ke saura bayan an cire kuza da kolumbait yakan ƙunshi monazait da zirkon masu ɗauke da toriyam da yuraniyam, waɗanda ke fitar da tururin nukiliya. Masana a jami'o'in ƙasar nan sun sha auna wannan a wuraren tace kuza na Jos suka samu ya haura na ƙasar da ke kewaye nesa ba kusa ba. Duk da haka ana shanya irin wannan yashi a tsakar gida, ana shaƙar ƙurarsa a injin niƙa, wasu ma suna kwaɓa shi su yi gini. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ya san abin da rashin sanin dutse ke jawowa.

Gwamnatin tarayya, ta bakin ministan ma'adinai Dele Alake, ta ce ba za ta ƙara ba da lasisin haƙa ba sai ga wanda ya zo da shirin sarrafa ma'adinin a cikin gida, kuma a Maris na 2024 ta ƙaddamar da dakaru na musamman domin yaƙi da haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Manufar tana da kyau. Wasu suna kira da a wuce nan a hana fitar da ɗanyen ma'adini baki ɗaya, kamar yadda Indonesiya ta yi wa nikel a 2020, Zimbabuwe kuma ta yi wa litiyam a 2022. Sai dai Indonesiya ce ta fi kowa nikel a duniya, dole masu saye su bi ta. Najeriya ba ta da wannan ƙarfi a niyobiyam. Idan aka rufe ƙofa alhali babu matatar da za ta sayi yashin a gida, buhunan za su bi ta kan iyaka da dare, farashin da mai haƙa ke samu ya ƙara faɗuwa. Raba niyobiyam da tantalam kuma aiki ne da ake yi da wani ruwan asid mai cin gilashi, wanda ɗigonsa kan ratsa fata ya kai ga ƙashi. Yana buƙatar lantarkin da ba ya yankewa da ƙwararrun ma'aikata da hukumar da za ta sa ido kan inda ake zubar da dagwalo. Ba abin da za a yi da sanarwar minista ba ne.

Saboda haka mataki na farko ya kamata ya zama awo. Na'urar gwajin ma'adini ta hannu kuɗinta bai kai na motar alfarma ɗaya da ake saya wa manyan jami'ai ba. A sa irinta a kowace cibiyar sayen ma'adinai mai lasisi, a hannun ma'aikacin da ba na dillali ba, a ba mai kaya takarda mai nuna kashi nawa ne niyobiyam, nawa ne tantalam, nawa ne kuza, sannan a riƙa sanar da farashin duniya a rediyo da Hausa da harsunan Filato kamar yadda ake sanar da na masara da shanu. Wannan takarda ita ce kuma za ta zama shaidar inda kaya suka fito, abin da kasuwannin Turai da Amurka ke nema tun bayan dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010 da ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2021 kan tantalam da kuza.

Cibiyoyin da za su ɗauki wannan nauyi suna nan. Hukumar binciken duwatsu ta ƙasa tana da manyan ɗakunan gwaji a Kaduna, a Jos kuma akwai cibiyar bunƙasa fasahar ƙarafa da makarantar horar da masana ma'adinai, ga sassan koyar da ilimin duwatsu da na ƙarafa a Jami'ar Jos da Jami'ar Ahmadu Bello. Dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta tanadi a tara ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama-kai a ba su horo. Ƙungiyar da ke da rajista da injin maganaɗisu nata na kanta za ta sayar da tataccen yashi mai sanannen inganci, ta tokare ramukanta, ta kuma fitar da injin niƙa daga cikin unguwa.

Bayan wannan ne maganar matata za ta yi ma'ana, domin babu mai zuba jari a matatar da bai san yawan yashin da zai samu a shekara da ingancinsa ba. Matata ɗaya mai matsakaicin girma, wadda Filato da Nasarawa da Bauchi da Kaduna da Kano za su ciyar, ta fi biyar da za a aza harsashinsu a bar su. Haɗa niyobiyam da baƙin ƙarfe, wanda shi ne kayan da masana'antu ke saye, ana yinsa ne da garin alminiyam a tukunyar narki, kuma bai kai raba shi da tantalam wuya ba. Ribarsa ta gaskiya kuwa sai ranar da ƙasar ke narka ƙarfenta, abin da ake jira daga masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun da aka ba da kwangilar gina ta a 1979.

Tsarin mulki ya ba tarayya mallakar ma'adinai, amma bai hana jiha gina ɗakin gwaji ko horar da matasanta ko cike tafkunan da ke cin yaranta ba. Majalisun dokokin jihohin nan biyar za su iya farawa daga kasafin kuɗi mai zuwa: kuɗin na'urorin awo a Bukuru da Barikin Ladi da Toro da Riruwai da Nasarawa, albashin waɗanda za su riƙe su, da gurbin karatu ga 'ya'yan masu haƙar kuza da ke son karanta ilimin ƙarafa.